Kawu Alaramma da ginin gwamnati

A 2012, da Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, ni na kai wa kawuna labari da zumuɗi. Alaramma ne, yana da tsangaya ta almajirai wajen arba'in. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Ɗana, sun tambayi mai abin?"

A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu kam na gane. An gina ajujuwa da ɗakunan kwana, aka ce a haɗa allo da boko, amma wa zai ciyar da yaro idan ya daina bara? Wa zai biya malamin lissafi bayan an yanke ƙyalle an watse? Irin wannan makarantar da aka gina kusa da garinmu, awaki ne ke sheƙe ayarsu a cikinta.

Shi kuwa Kawu, bara ya ɗauko wani ɗan bautar ƙasa yana koya wa yaransa ƙidaya da karatun boko, ranar Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo. Da hatsin gonarsa yake biyansa. Har yau bai yarda a kira abin zamani ba.