Kafin a yi wa mai borin jinin ƙwai allurar zazzaɓin shawara

A asibitin da nake aikin rigakafi a Abuja, lokacin shirin Umara da Hajji ne na fi jin wannan magana: “Jikina ba ya karɓar ƙwai.” Ba na ɗaukar sirinji sai na tambaya: me ya faru da kika ci, bayan minti nawa? Kina cin kek ko wainar ƙwai lafiya? Wanda cikinsa kawai ya murɗa daban yake da wanda leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa, numfashi ya sarƙe.

Ruwan allurar shawara a cikin ƙwan kaza ake rainonsa, shi ya sa mai irin wannan mummunan tarihi ba a yi masa ita a layi. Ko dai likita ya rubuta masa takardar uzuri, ko a yi masa kaɗan-kaɗan a asibiti: 0.05 ml na wanda aka sirka kashi ɗaya cikin 10, sannan 0.05, 0.1, 0.15 da 0.2 ml na cikakken ruwan, minti 15 tsakanin kowanne. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka nakan fara neman tsohon katin allurarsa.

Ta ƙyanda kuwa ƙwai ba ya hana ta, kuma yana damuna ganin uwa ta koma da yaro babu allura saboda wannan tsoron. Abin dubawa a cikinta shi ne ko yaro na da borin jinin jelatin ko neomycin (wani maganin kashe ƙwayoyin cuta). Ta ciwon hanta nau'in B da Gardasil (ta rigakafin kansar bakin mahaifa) da yis ake haɗa su, takwararta Cervarix kuma babu yis. Takardar cikin kwali ce ke faɗin gaskiya, sai a karanta ta.

Mai tarihin borin jini minti 30 nake zaunar da shi. Allurar gaggawa ta adrenalin 1:1000 tana kan tebur, babba 0.5 ml a naman cinya ta waje, a maimaita bayan minti 5 idan bai lafa ba. Kuskuren da na fi gani shi ne rikita suma da mummunan borin jinin da ke sarƙe numfashi. Mai suma jijiyarsa na bugawa a hankali, da an kwantar da shi ya farfaɗo. Ɗayan kuwa bugun na sauri ne mara ƙarfi, ƙirji na kuka, kuma miƙar da shi tsaye na iya kashe shi.