Numfashi ne ke juya jimla a kilarinet

Abin da ya fi cin min lokaci a busa kilarinet, wato kayan busa na Turawa mai kama da algaita, shi ne yadda zan sa notoci su haɗu su zama magana ɗaya mai kai da gindi. Gudun yatsu kam in ka dage da atisaye zai zo. Kilarinet a kiɗan kilasik ba a cika karkarwar sauti da shi ba kamar yadda masu goge ke yi, don haka ba ka da inda za ka ɓuya, in iskarka ta mutu a tsakiyar doguwar nota kowa sai ya ji.

Na fi koyon wannan a kashi na biyu na konshaton Mozart, wato kiɗan kilarinet tare da bandi, wanda ya rubuta wa mai busa kilarinet Anton Stadler a 1791, watanni kaɗan kafin shi Mozart ya rasu. A takarda kamar wasa, bugu uku a kowane gida (wato ɗan yankin da ake raba kiɗa da shi a rubuce), a hankali, jimlar farko gida takwas sannan 'yan bandin su maimaita. To amma ina jimlar ta dosa? Sai da na ajiye kilarinet ɗin na riƙa rera ta da baki tukuna, duk inda na ji numfashi ya zo da kansa sai na sa alama da fensir, inda murya ta fi son ta cika shi ma na sa alama, kuma ba lallai a nota mafi sama ba ne, sau da yawa a notar da ke ɗan gogawa ne kafin ta sauka ta huta. Ita ake ba nauyi, ta bayanta a sake ta a hankali.

Sai matsalar tsallake, daga notar B filat ta tsakiya zuwa notar B ta sama. A ɗaya kusan duk ramuka a buɗe, a ɗayan kusan duk yatsu a rufe, sautin farko siriri na biyu kuma cike, in ba ka yi hattara ba jimlar nan take karyewa gida biyu. Dabarar da malamina ya nuna min ita ce in sauke yatsun hannun dama tun kafin in isa wurin, iska kuma ta ci gaba da tafiya kamar nota ɗaya nake busawa, yatsu kawai ke motsi. Harshe ma haka, taɓa bakin rid, ɗan siririn karan da ke karkarwa a bakin kilarinet, yake yi ya janye, ba ya tsayar da iska. Wallahi ranar da wannan ya zauna min sai na ji kamar kayan busar aka canza min.

Rikodin da waya yana taimakawa sosai duk da ba daɗin saurare, nan na gane ƙarshen jimla nake yawan yankewa don ina hanzarin jan numfashi. Yanzu lokacin numfashin daga notar ƙarshe nake ɗan gutsura amma sai na bari ta lafa tukuna.

A sonatocin Brahms na 1894 kuwa, kiɗan kilarinet da fiyano waɗanda ya yi wa mai busa kilarinet Richard Mühlfeld, lissafin ya canza don mai fiyano yakan karɓi jimlar daga bakinka ya ƙarasa, dole ku zauna ku yarda a kan inda za a ja da inda za a saki. Ni dai da metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, nake fara su, sai bugun ya zauna daram sannan nake yarda in ɗan ja lokaci, kuma abin da na ara a gida ɗaya ina biya a na gaba.