Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar 'yarmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, mun dawo Kano lafiya, an yi wa jaririyarmu aikin zuciya, kuma an dace. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, a yi mini afuwa.

Tun tana wata biyu mahaifiyarta ta lura in ta kama nono sai gumi ya keto mata, ta saki ta yi ta kuka, numfashi sama-sama. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce limoniya. Sai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka yi mata hoton zuciya, likitar yara ta zaunar da mu ta zana mana abin a takarda. Jijiyar hagu da ke shayar da tsokar zuciya, maimakon ta fito daga babbar jijiya mai ɗauke da jini mai iska, sai ta fito daga wadda ke zuwa huhu. Da farko ba a gane komai. Sai ƙarfin jini a jijiyar huhun ya sauka, jinin ya riƙa komawa baya, zuciyar ta kumbura ta kasa aikinta. ALCAPA suke ce masa. Kusan jariri 1 cikin 300,000 ake haifa da shi, kuma in ba a yi aiki ba, yawancinsu ba sa cika shekara. Likita, ba ki ɓoye mana ba, ba ki kuma firgita mu ba. Allah Ya biya ki.

A Indiya aka yi aikin: aka ɗora jaririyar kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, aka cire jijiyar aka dasa ta inda ya kamata.

Kuɗin nan ba ni na tara ba. Abokan sana'ata na Kantin Kwari, jama'ar masallacin unguwarmu da suka shimfiɗa darduma bayan sallar Juma'a, da Yayata da ta sayar da sarƙarta ba ta faɗa mini ba, sai a bakin mijinta na ji. Hajiya maƙwabciyarmu kuwa ita ta riƙe mana sauran yaran, har kai su Islamiyya. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Zuciyar takan ɗauki watanni kafin ta murmure, don haka tana kan magani, muna kuma komawa hoto. Masu zuwa dubiya, don Allah mai mura ko tari ya dakata tukuna, ya yi mana addu'a daga gida.