Abin da Na Gani a Cikin Wayar 'Yar China

Lokacin da na zauna koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, Nokia ce ke sharafinta. Tun shigowar layukan GSM Najeriya a 2001, in an ce waya, ita ake nufi. 'Yar China kuwa raina ta nake yi. In mutum ya kawo, sai in ce, "Alhaji, da ka ƙara kuɗi ka sayi mai ƙarko."

Wani direban babbar mota ne ya fara sauya mini tunani. Ya miƙo mini Tecno ɗinsa, na yi masa irin maganar da na saba. Ya ce, "Ƙanena, layi biyu take ɗauka. In sabis ɗin wannan ya ɗauke a hanya, ga ɗaya. Kwana da kwanaki kuma ban nemi caji ba." Na rasa ta cewa.

Da na kwance ta, sai ga ƙwaƙwalwar MediaTek, kamfanin Taiwan. Uwar kamfanin wayar kuma, Transsion, a Shenzhen ta China take, birnin da kowane ɓangaren waya ke da kasuwarsa. Ashe kayan haɗin ba sirrin kowa ba ne, mai kuɗi na iya saye. Abin da suka fi saura da shi, sun zo sun zauna da mu, sun ga rashin wuta, sun ga mutum na yawo da waya biyu a aljihu saboda kira tsakanin layuka da tsada. Daga baya har kyamara suka gyara don ta fito da fuskar baƙar fata sosai, suka sa Hausa a cikin wayar. Wannan na ƙarshe ya taɓa ni ƙwarai, domin mahaifiyata ba ta jin Turanci.

A 2014 Microsoft ta kammala sayen sashen wayoyin Nokia. A 2017 Transsion ta zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Ni dai a kan teburina na ga wannan, kafin in ji a labarai.

Abin da ke ci mini rai, matsalar tamu ce, mu muka fi kowa saninta, amma daga Shenzhen aka kawo maganin. Shi ya sa yanzu na ajiye littafi a shago. Duk ƙorafin da mai waya ya zo da shi, sai yarana sun rubuta kafin su ɗauki sukudireba. Wanda ya fi yawa bana shi ne bakin caji da ƙura ke toshewa lokacin hunturu.