Inda na kwana kan zaɓen tsarin wasan takobi da tsafi

'Yan uwa masu koyon wasan tebur, wato wasan da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi cikin labari ana jefa dayis, ga rahoton inda muka tsaya ni da 'yan teburina. Abin da muke nema tun farko shi ne irin labarin Conan ɗin nan da Robert E. Howard ya fara fitarwa a 1932, jarumi da takobinsa, aljihu wayam, ya haura katangar wani matsafi don ya sato lu'ulu'u, ba wai ceton duniya ya fito yi ba. Kuma shi tsafi a irin wannan labari abin tsoro ne, duk wanda ya taɓa shi sai ya biya da wani abu nasa.

Da Dungeons & Dragons muka fara kamar kowa, bugu na 5 na 2014. Wasa ne mai kyau ba musu, tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi har yau shi ne babba, amma wlh bai ba mu abin da muke so ba, domin yawancin jaruman ciki suna da sihiri a hannu, wasu ƙananan sihirin ma ba sa ƙarewa ko sau nawa ka harba, sannan an sassare ka jini ya kusa ƙarewa sai ka yi hutun awa 8 ka tashi garau kamar ba a yi ba, to ina tsoron yake? In kowa a tebur boka ne ai mugun matsafin da ke saman hasumiya ya zama abokin sana'a kawai.

Na leƙa Conan na kamfanin Modiphius mai tsarin 2d20 (wato jefa dayis biyu masu fuska 20), na 2017, sai dai lasisinsu ya ƙare a ƙarshen 2022 ga kuma lissafin maki da yawa, na wuce.

Dungeon Crawl Classics kam ya ja ni sosai. Goodman Games ne suka fitar a 2012, kuma su sun gane zancen tsafi, duk sihirin da matsafi zai yi sai ya jefa dayis an duba jadawali, in ya jefa 1 abin na iya juye masa har halittarsa ta fara lalacewa. Farkon wasan ma abin dariya ne, kowa a ba shi talakawa uku ko huɗu, manomi, mai kiwo da makamantansu, a tura su kogo, wanda ya fito da rai shi ne jaruminka. Matsalar dayis ce. Yana son mai fuska 7, mai 14, mai 16, mai 24, har mai 30, a ina zan samo su a nan? Akwai manhaja a waya eh, amma da zarar an ɗauko waya a tebur shi ke nan wani ya zarce WhatsApp.

Shi ya sa yanzu muke kan Barbarians of Lemuria na Simon Washbourne, kuma a nan nake so ku tsaya da ni kaɗan. Dayis biyu masu fuska 6 kawai, wato na ludo ɗin da ke gidanku sun wadatar. Ka jefa biyun, ka ƙara makin siffarka da na sana'arka, in ka kai 9 ka ci. Siffofin huɗu ne, ƙarfi, zafin nama, ƙwaƙwalwa da kwarjini. Babu dogon jerin fasahohi, sana'o'i huɗu za ka zaɓa da jaruminka ya taɓa yi a rayuwa, misali bawa ne ya gudu ya zama ɓarawo, daga nan sojan haya, daga nan ɗan fashin teku, ka ga tarihinsa ya rubuta kansa kafin ma a fara. In ya zo buɗe kwaɗo sana'ar ɓarawo ce za ta taimake shi, in jirgin ruwa ne ta fashin teku.

Na yi lissafin ma don jagororin wasa, wato masu jan labarin da yanke hukunci a tebur. Haɗuwar dayis biyu 36 ce, guda 10 ne ke kai 9 ko sama, kusan kashi 28 cikin ɗari kenan. Amma in kana da ƙarin maki 2 sai ya koma 21 cikin 36, kusan kashi 58. Wato maki ɗaya ba wasa ba ne a nan, kada jagora ya riƙa rabon ƙari kamar goron biki.

Faɗa yana sauri don ƙananan 'yan koren mugu jininsu kaɗan ne, jarumi na iya zubar da da yawansu a sara ɗaya in dayis ya yi kyau. Babban sihiri kuwa sai da sharuɗɗa, jiran wani dare na wata, nemo wani abu mai wuyar samu, kuma ƙarfin da ka kashe ba ya dawowa da wuri. Abin da ya fi burge 'yan teburina shi ne yadda ake samun makin ci gaba, sai ka ba da labarin yadda jaruminka ya ɓarnatar da ganimarsa tukuna, don haka kullum a tsiyace yake shiga sabon labari.

Inda bai gamsar da ni ba dai, jarumai tun ranar farko suna da ƙarfi, mai son ya fara daga ƙasa ya riƙa hawa mataki mataki ba zai ji daɗi ba, kuma ina zargin doguwar tafiya za ta yi masa wuya don abin da za a ƙara wa jarumi bai da yawa. Shi zan gwada nan gaba, labarai gajeru a jere da jarumai iri ɗaya a birni ɗaya, mu ga a ina zai fara gajiya. Wanda ya taɓa jan sa da nisa ya gaya min yadda ya yi da matsafi in ɗan wasa ne ya zaɓe shi, ni dai har yanzu a hannun jagora na bar tsafin.