Karatun da nake yi da fitila a kashe

Shekara uku ke nan ina zama gaban kwamfuta a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini da ke unguwarmu. Aikina shigar da sakamako da buga shi a takarda. AA, AS, SS: haruffan nan na gwajin ciwon sikila na buga su ba adadi. Na san idan takardar saurayi da ta budurwa suka fito da AS duk biyun, fuskoki za su sauya a bakin kanta. Amma me S ɗin nan take yi a cikin jini, ban sani ba. Haka kuma ban san abin da ke faruwa cikin na'urar ba idan na danna harafin. Ɓangaren adabi na yi a sakandare, kuma tun da na faɗi wata jarabawar bayoloji na sa wa raina cewa kimiyya ba rabona ba ce.

Da rana babu sarari. Daga wurin aiki sai gida, sai hidimar yara. Lokacin da ya rage mini shi ne ɗan tsakanin nan daga kwanciya zuwa ɗaukewar barci. Sai na fara sauke darussan murya da garaɓasar datar dare, waɗanda ake karantawa da Turanci a hankali, murya ƙasa-ƙasa. In sa iyafis a kunne ɗaya, in kife waya, in kashe fitila.

Darasin farko da ya zauna mini na Robert Hooke ne, Baturen Ingila da a 1665 ya yanko siririn ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Daga nan sunan ƙwayar halitta ya samo asali a Turanci, ma'anarsa ɗan ɗaki. Ina kwance na ga ɗakunan nan a idon zuciyata, na kuma lura gabana bai faɗi ba. Babu malamin da zai ce in miƙe in maimaita, babu 'yan aji masu jiran in yi kuskure. Ashe tsoro ne ya toshe mini kunne shekara da shekaru, kuma a kan katifa tsoron ba ya biyo ni.

Daɗin haka ya sa na yi zari. Na ce tunda kunne ba ya rufewa, bari in bar darasin yana tafiya har asuba, ƙwaƙwalwa ta yi ta kwasa ina barci. Mako biyu na yi a haka. Abin da na samu shi ne waya babu caji, kai yana sarawa, da gyangyaɗi a wurin aiki. Idan na gwada tuna darasin, sai in tarar ya yanke daidai inda barci ya ɗauke ni, kamar an sa almakashi. Uwargida ce ta fara magana. "Maigida, mutumin nan fa ni kaɗai yake karantarwa, kai tun sha ɗaya ka tafi."

Daga baya na ji cewa an daɗe da gwada wannan. A 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Charles Simon da William Emmons, sun riƙa kunna wa mutane tambayoyi da amsoshinsu cikin dare, suna auna motsin ƙwaƙwalwarsu da na'ura don su tabbatar wa ya yi barci da gaske. Abin da aka kunna bayan barci ya kama mutum bai tuna shi da safe ba. Sai dai akwai wani tsohon gwaji na 1924 a Jami'ar Cornell, inda Jenkins da Dallenbach suka sa ɗalibai biyu haddar gaɓoɓi marasa ma'ana. Idan suka kwanta bayan haddar, abin da suke riƙewa ya fi na ranar da suka ci gaba da harkokinsu ido biyu. Wato barci ba ya karɓar sabon karatu, amma yana adana wanda aka ba shi kafin ya zo.

Da na ji wannan, mahaifina na tuna. Ya yi almajiranci a gabas, kuma yakan ba mu labarin karatun dare a gefen wutar kara, da yadda ake tashinsu da asuba su koma kan allon nan dai na jiya. Ba a wanke allo sai an haddace. Na ji kunyar yadda na bar tsarin da na gada a gida na tafi neman gajeriyar hanya.

Sai na sauya. Darasi ɗaya tak, kada ya wuce minti ashirin, wayar ta kashe kanta. Bayan sallar asuba in ɗauki littafi in rubuta abin da na tuna ba tare da na sake saurara ba, sannan in duba inda na ɓata. Wannan rubutun na safe ya fi komai wuya, kuma shi ne karatun. Dare ɗaya bayoloji, dare ɗaya kwamfuta.

Cikin wata na uku ne darussan biyu suka haɗu, kuma daren ba zan manta da shi ba. Na riga na koyi cewa kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, akwai wuta ko babu. Ana jera su takwas-takwas, kowane jeri ana ce masa bayit, kuma jerin nan mai gurbi takwas yana ba da siffa 256 daban-daban. Harafin A da nake dannawa kullum lamba 65 ce a wurinta, wato 01000001. Harafin S kuma 83 ne, 01010011. A wuri biyu kawai suka saɓa. To a daren sai mai karatun ya zo kan DNA, saƙon gado da ke cikin ƙwayar halitta. Shi haruffansa huɗu ne, A, T, G da C. Ana karanta su uku-uku, abin da ke ba da haɗi 64, kuma da su ake kiran tubala 20 da jiki ke gina furotin da su. Sannan ya kawo misalin sikila. A cikin umarnin gina hemogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, akwai wurin da aka rubuta GAG. A wurin mai S an rubuta GTG. Harafi ɗaya, cikin kimanin biliyan 3. Wannan harafin ya sa tubali na shida ya canja, hemogulobin ya riƙa manne wa juna idan iska ta yi ƙaranci, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa 10 zuwa 20 ta mutu.

Na tashi zaune. Duk yaran da na gani an rungumo suna kukan ciwon ƙashi suka dawo mini. Har ƙarfe biyu idona biyu. Tun daga ranar, abin da na san zai motsa mini rai nakan ajiye shi sai rana. Na kuma hana kaina wuce gona da iri a kwatancen: ƙwayar halitta ba kwamfuta ba ce, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu, ikon Allah a cikinta ya wuce na'urar da ke teburina nesa ba kusa ba. Kamar da ke tsakaninsu ita ce dukansu suna ajiye dogon saƙo da 'yan haruffa kaɗan.

Akwai abin da kwanciya ba ta koyarwa ko kaɗan. Dare uku na saurari yadda ake sa kwamfuta ta maimaita umarni a yaren Python, ban iya ba sai da na zauna na buga da hannuna, ta ƙi, na gyara.

Kwanakin baya wani dattijo ya rako ɗan ƙanensa karɓar sakamako. Shi AS, yarinyar ma AS. Dattijon ya duba takardun ya ce, "Ɗana, an ce ɗaya ne cikin huɗu ko? To in Allah ya ba su huɗu, ai uku lafiya lau." A da shiru zan yi in miƙa takarda. Na ce, "Baba, a gafarce ni, lissafin ba haka yake ba." Na yagi takarda gida huɗu, biyu na rubuta A da S na ba shi, sauran biyun ma A da S na riƙe. Na ce ya zaro ɗaya ido a rufe, ni ma in zaro ɗaya. Kowane ciki sabon zare ne, na baya ba ya rage wa na gaba komai, ana iya samun SS sau biyu a jere. Muka zara sau shida, SS ta fito sau biyu. Ya daɗe yana kallon 'yan takardun a tafin hannunsa, saurayin kuma kansa a sunkuye. Na ce su shiga wurin likita, shi ne mai cikakken bayani da shawara. Dattijon ya ninke takardun nan huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce zai nuna wa mahaifin yarinyar bayan sallar isha'i.