Abinda karatu ya koya min akan sojan da ke dukan matarsa

Ni a bariki na taso, babana soja ne, dan haka ihun mace da tsakar dare ba bakon abu bane a kunnena. Akwai makociyarmu da in mijinta ya dawo daga daji sai ta turo yaranta dakinmu su kwana, Umma ta shimfida musu tabarma ko tambaya bata yi, gari na wayewa kaji mata na cewa sai hakuri, yaki ne ya taba shi. Nima haka na dauka har na shiga mastas, aka bamu aikin nazarin wani shiri na Amurka na sojojin da ke dukan matansu, Strength at Home, wanda Casey Taft da abokan aikinsa suka hada a Boston, asibitocin tsofaffin sojoji ke gudanar dashi.

Zama 12 ne, sau daya a sati, 'yan maza kadan a daki. Masu shirin basu musun cewa PTSD, wato ciwon firgici da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali irin na yaki, na da hannu a ciki, mutumin da ya saba zargin duk wani motsi dan ya tsira da ransa, in ya dawo gida matar ta makara a kasuwa ko bata daga waya ba sai kwakwalwarsa ta nuna masa cin amana ne, zuciya ta debe shi. To ana koya masa ya gane alamun tun daga jikinsa, bugun kirji, daurewar muka-muki, yace mata zai fita ya huce kuma ya fadi lokacin da zai dawo a karasa maganar. Amma wallahi ko sau daya basa barinsa ya fake da yaki, hannun da ya daga nasa ne, shi zai amsa. Ni da can gani nake in ka tausaya wa mutum dole ka wanke shi, ashe ana iya tausaya masa kuma a rike shi da laifinsa.

Abinda yafi tsaya min a rai shine suna kiran matar a waya ita kadai, su tambayeta ko tana cikin aminci, su nuna mata inda zata samu taimako, dan fadar mijin cewa ya canza bata isa shaida ba. Ga doka kuma a gefe, tun 1996 wanda kotu ta kama da dukan iyali a Amurka baya rike bindiga, ko soja ne.

Da nazo wajen kiran wayar nan sai da na rufe laftof dina. Makociyarmu shekaru muka yi tare, mijinta kowa ke tambaya ya jiki, ita ban taba jin an tambayeta ba.